Winston Churchill: Yaron Da Ba A Zo Wa Ziyara Ba

Da Edita ya aiko mini cewa a wannan fitowa ni ne zan cika shafin tarihin manyan mutane, sai na gaya masa a kan Winston Churchill zan yi rubutu. Ya yi dariya, wai wane ne bai san Churchill ba, mutumin da duk wanda ya zauna a ajin Tarihi ya haddace sunansa tare da na Hitila. Na ce masa ai wancan tsohon mai ƙatuwar sigari kowa ya san shi. Wanda nake so in kawo muku yaro ne, ɗan makarantar kwana kamar yadda muka kasance, wanda ya yi ta jiran mahaifinsa bai zo ba.

Kowa a cikinmu ya tuna ranar ziyara. Tun da hantsi motoci ke fara shigowa, a shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwan darbejiya, a buɗe kuloli, ƙamshin soyayyar kaza ya game fili. Kuma kowa ya tuna da waɗansu 'yan ƙalilan da kan zauna a dakalin bakin ƙofa har la'asar sakaliya, suna leƙen kowace mota. Ina ɗaya daga cikinsu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barina ba kuɗin makaranta ko guzuri ba, ɗan aike yakan kawo mini gari da sukari da 'yan kuɗi a ambulan. Amma cikin shekara shida sau ɗaya tak ya taka makarantar, ranar da aka kira shi saboda wani laifi da na yi. Wannan ne ya sa da na karanta tarihin Churchill a jami'a, labarin ƙuruciyarsa ya fi tsaya mini a rai fiye da labarin yaƙe-yaƙensa.

An haife shi ran 30 ga Nuwamba, 1874, a fadar Blenheim da ke ƙasar Ingila, gidan kakansa, wanda ke riƙe da sarautar Marlborough. Mahaifinsa Lord Randolph Churchill ɗan siyasa ne mai kaifin baki da saurin fushi. Mahaifiyarsa Jennie Jerome 'yar wani attajiri ce daga birnin New York na Amurka, kyakkyawa ce ƙwarai, kuma rayuwarta ta tafi ne a wajen liyafa da sukuwar dawaki da taya mijinta neman ƙuri'a. A al'adar manyan Ingila na wancan zamani, yaro ba ya tashi a gaban iyayensa. Akan ware masa ɗaki a saman bene tare da mai reno, a kawo shi ya gaishe su na ɗan lokaci, a mayar. To, amma ko a ma'aunin zamanin, masana tarihi sun yarda cewa sakacin waɗannan iyaye ya wuce na saura.

Wadda ta zame masa uwa da uba ita ce mai renonsa, Elizabeth Everest, wata mace daga yankin Kent wadda ba ta taɓa aure ba. Ita ke masa wanka, ita ta san ciwonsa, ita yake kai wa kuka. Saura kaɗan ya cika shekara 8, a watan Nuwamba na 1882, aka raba su, aka kai shi makarantar kwana ta St George's da ke Ascot. Hedimastan wurin limamin coci ne mai dukan yara da tsumagiya har sai jini ya fito. Winston kuwa ga taurin kai, an ce wata rana da aka zane shi saboda satar sukari, ya ɗauko malafar hedimastan ya tattake ta har ta yi raga-raga. Shekara biyu ya yi a nan kafin a cire shi, kuma ana cewa mai renon ce ta ga sawun bulala a bayansa ta nuna wa uwar.

Daga nan aka mai da shi wata ƙaramar makaranta a Brighton, wadda waɗansu mata biyu 'yan'uwan juna ke gudanarwa. Wasiƙun da ya riƙa aika wa gida daga wannan wuri suna nan an adana su, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana zai gane muryar. Kusan kowace wasiƙa roƙo ce, a zo a gan shi, a zo ranar wasan kwaikwayo, a zo ranar rabon kyaututtuka, in ba za a zo ba a turo mai reno. A 1885 Lord Randolph ya zo Brighton ɗin kanta a kan wata hidima tasa, ya gama ya koma Landan bai leƙa makarantar ba. Yaron ya ji labari daga baya, ya rubuta masa cewa bai ji daɗi ba, sa'an nan shi da kansa ya nema wa uban uzuri, wai ya san aiki ne ya yi masa yawa. Wannan neman uzurin, jama'a, shi ne abin da zai ci gaba da yi har ƙarshen ransa. Sai a watan Maris na 1886, da ciwon huhu ya kusa kashe shi, iyayen suka garzayo Brighton.

A gaskiya aikin ya yi wa uban yawa a lokacin, domin tauraronsa na haskawa. A 1886, yana ɗan shekara 37, ya zama Ministan Kuɗi kuma jagoran majalisar wakilai, kowa na ganin shi ne Firayim Ministan gobe. A watan Disamba na wannan shekara ya yi gardama da abokan aikinsa a kan kuɗin da za a kashe wa soja, ya rubuta takardar murabus yana zaton za a roƙe shi ya janye. Firayim Minista Lord Salisbury ya karɓi takardar, ya naɗa wani. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan darasi, ba a yi wa na sama barazana da takardar da yake jira. Randolph bai sake riƙe wani muƙami ba har ya mutu. Ke nan uban da Winston ya sani tun yana shekara 12 mutum ne da ya faɗi, mai ɗacin rai, wanda kuma ciwo ya fara ci a hankali. Shi kuwa yaron yana yanko jawaban uban daga jarida yana haddacewa.

A 1888 ya shiga Harrow, ɗaya daga cikin manyan makarantun 'ya'yan masu hali, aka sa shi a aji na can ƙasa saboda Latin da lissafi sun gagare shi. Ba daƙiƙi ba ne. Ya ci kyauta da ya karanta layi 1,200 na wata doguwar waƙar Macaulay da ka ba tare da kuskure ba, kuma a 1892 ya zama zakaran wasan takobi na irin waɗannan makarantu. Tsakanin Harrow da Landan tafiyar kimanin rabin awa ce a jirgin ƙasa, amma zuwan uban bai taka kara ya karya ba. Wadda ta zo ita ce tsohuwa Everest, da tsohuwar hularta ta talakawa. Maimakon ya ɓoye ta, sai ya sumbace ta a gaban ɗalibai, ya riƙe hannunta suka zaga gari. Wanda ya san bakin 'yan makarantar kwana ya san wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Yadda ya shiga soja ma labarin uban ne. Yana da 'yan sojojin wasa na darma kimanin 1,500, yakan jera su a ɗaki kamar fagen fama. Wata rana uban ya shigo ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye shi ko yana son aikin soja. Yaron ya amsa da murna, yana zaton uban ya hango masa baiwar janar. Sai daga baya ya gane cewa uban ya yanke hukunci ne cewa ba shi da ƙwaƙwalwar zama lauya. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, a karo na uku a 1893 ya ci, amma makinsa bai kai na sojan ƙasa ba sai na sojan doki, inda ake ɗaukar mai ƙaramin maki saboda tsadar riƙon doki. Ya rubuta wa uban yana murna. Amsar da ta zo masa tana cikin wasiƙu mafi zafi da na taɓa jin uba ya rubuta wa ɗansa. Ya kira nasarar abin kunya, ya ce ya daina ba maganarsa muhimmanci, kuma ya yi masa hasashen zai ƙare a banza, cikin sahun lalatattun da manyan makarantu ke yayewa. Winston ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin gyarawa.

Labarin agogo ne ya fi nuna mini girman abin. Uban ya ba shi agogon aljihu na zinariya. A watan Afrilu na 1894, yana Sandhurst, agogon ya suɓuce ya faɗa wani wuri mai zurfi a rafi. Ya tuɓe ya yi nutso cikin ruwan sanyi bai samu ba. Washegari ya sa aka yashe wurin, ba a samu ba. Sai ya ɗauki hayar sojoji 23 da kuɗin aljihunsa, suka haƙa wa rafin sabuwar hanya, ya aro injin kashe gobara aka zuƙe ruwan kaf, ya tsinci agogonsa a cikin laka. Ya aika da shi wurin mai gyara a Landan a asirce. Ashe rabon a yi, uban ya shiga shagon a kan nasa agogon, mai gyara ya nuna masa. Wani uban da ya ji irin wannan ƙoƙari zai ce lalle yaron nan zai yi abin kirki. Lord Randolph faɗa ya rubuto, ya kwatanta shi da ƙanensa Jack wanda ba ya lalata kaya, kuma bai mayar masa da agogon ba.

A watan Disamba na 1894 ya fita Sandhurst na 20 cikin 130. Uban kuwa an dawo da shi daga yawon duniya na neman lafiya ba ya ko iya magana sosai, ya rasu ran 24 ga Janairu, 1895, yana da shekara 45. An daɗe ana cewa ciwon tunjere ne, daga baya waɗansu likitoci suka ce alamun sun fi kama da ƙari a ƙwaƙwalwa. Winston ya ce a duk rayuwarsa bai wuce sau uku ko huɗu suka yi doguwar hira ta fahimtar juna da uban ba. A watan Yuli na shekarar tsohuwa Everest ma ta kwanta. Shekara biyu kafin nan gidan ya sallame ta bayan hidimar kusan shekara 20, abin da Winston ya yi ta rubutu yana ƙorafi a kai. Da ya ji ciwonta ya taho, ya kawo likita, ya zauna a gefenta har ta cika, ya biya kuɗin dutsen kabarinta. Hotonta na ɗakinsa har ya tsufa.

Abin da ya biyo baya kamar gudun wanda ake kora ne. Ya yi imani cewa mazan gidansu ba sa daɗewa, don haka dole ya yi suna da wuri. Ya je Kyuba a 1895, ya yi yaƙi a kan iyakar Indiya a 1897, ya kutsa cikin rundunar Kitchener a Sudan a 1898, aka kama shi a yaƙin Afirka ta Kudu a 1899 ya tsere daga kurkuku a Pretoria, a 1900 ya ci zaɓen majalisa daga Oldham yana ɗan shekara 25.

Bari in tsaya kaɗan a Sudan. Yana cikin mahayan da suka yi sukuwa a kan Ansar a yaƙin Omdurman ran 2 ga Satumba, 1898, ranar da bindigogin Turawa suka kashe mabiya Halifa Abdullahi kimanin 10,000, alhali ɓangaren Kitchener bai rasa ko 50 ba. A littafin da ya rubuta a kan yaƙin, The River War, wanda ya fito a 1899, ya soki yadda aka tone kabarin Mahadi aka wulaƙanta gawarsa. Da ya zo ba da tarihin Mahadi Muhammad Ahmad, wanda ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, sai ya tsaya ya yi sharhi cewa yaron da bai sami kulawar uba ba, in ya tsallake haɗurran ƙuruciya, yakan tashi da ƙarfin tunani da dogaro da kai, ya kwatanta shi da itacen da ya tsiro shi kaɗai a fili. Duk mai karatu ya san ba Mahadi kaɗai yake nufi ba. Ni dai ban gamsu da wannan magana ɗungum ba. Mu da muka zauna a dakalin bakin ƙofa mun san waɗanda abin ya ƙarfafa, mun kuma san waɗanda ya karya, kuma ba a rubuta tarihin na biyun.

Na san wani zai ce ai mu ma muna da irin wannan, tunda a gidajenmu da yawa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gabansa. Haka ne, ni ma ɗan fari ne. Sai dai kunyarmu tana da magaji. Inda uba ya ja baya akwai kaka, akwai baffa da kawu da goggo, akwai wanda aka ba riƙo. Kuma sau da yawa ƙauna ce aka rufe da kawaici, ka ji uban yana yabonka a bayan idonka. Na Lord Randolph raini ne, ya kuma rubuta shi da hannunsa. Abin da kawai zan ƙara shi ne, yaro ɗan shekara 12 ba ya iya bambanta kunya da raini daga inda yake zaune. Ni sai bayan rasuwar mahaifina na tarar da dukkan sakamakon jarrabawata a cikin akwatinsa, a jere, an ɗaure da zare.

A majalisa Churchill ya ɗauko rigimar uban daidai inda ta tsaya. Babban jawabinsa na watan Mayu 1901 suka ne ga ƙarin kuɗin soja, watau maganar da ta kayar da Randolph. A 1906 ya fitar da tarihin uban cikin littafi juzu'i biyu, inda ya wanke shi tas, ya mai da shi gwarzon da jam'iyya ta ci amana. A daidai lokacin yana ƙaramin minista a Ofishin Mulkin Mallaka, kuma ta teburinsa rahotannin Lugga ke bi. Da labarin Satiru ya iso, inda a watan Maris na 1906 aka kashe kimanin mutum 2,000 kusa da Sakkwato aka shafe garin, ya rubuta a fayil yana ƙyamar kisan mutanen da kusan ba su da makami. Rubutun bai ta da kowa daga kabari ba, kuma kada mu ɗauke shi masoyinmu. Mutum ne da ya yi imani da daular Ingila har zuci, ya yi adawa da 'yancin Indiya, kuma har yau ana tuhumarsa a kan yunwar Bengal ta 1943.

A 1924 aka ba shi Ministan Kuɗi, kujerar da uban ya riƙe na 'yan watanni. Alkyabbar muƙamin ta uban tana nan, mahaifiyarsa ta adana ta shekara da shekaru, ita ya ɗauko ya sa. Ya riƙe kujerar har 1929. Sauran kun sani: Firayim Minista daga 10 ga Mayu, 1940 zuwa 1945, ya tsaya wa Hitila lokacin da Faransa ta faɗi, ya sake dawowa daga 1951 zuwa 1955, ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1953.

A gida ne abin ya fito ta wata fuska. Ya auri Clementine Hozier a 1908, suka haifi 'ya'ya biyar, namiji ɗaya, ya sa masa sunan uban. Ya ƙudura cewa wannan yaro ba zai ga abin da ya gani ba, sai ya sake masa linzami gaba ɗaya. Tun yana ƙarami ake zaunar da shi a teburin manya, ya katse ministoci, uban na jin daɗi. Randolph ƙarami ya tashi da basira da baki, amma ga giya ga rigima ga bashi. Bai taɓa cin zaɓen da aka yi takara da shi ba, kujerar da ya riƙe daga 1940 zuwa 1945 ba hamayya ya same ta. Sukan yi cacar baki da uban a gaban baƙi har uwar ta tashi ta bar wurin. Ya rasu a 1968 yana da shekara 57. An ruwaito cewa wani dare, bayan doguwar hira, Churchill ya gaya masa cewa hirarsu ta wannan dare kaɗai ta fi duk wadda ya yi da nasa uban tsawo. A nan nake jin tsoron kaina. Babban ɗana ya shiga makarantar kwana bara, kuma na lura ina kaiwa da komowa tsakanin halin mahaifina da na Churchill. Wata rana in amsa masa magana a taƙaice kamar ina duba fayil, wata rana in cika masa akwati da abin da bai roƙa ba.

A ƙarshen 1947, yana da shekara 73 ko saura kwanaki, duniya duka ta san sunansa, 'yarsa Sarah ta nuna wata kujera da ba kowa a wajen cin abinci, ta tambaye shi wa zai so ya gani a kai cikin dukkan mutanen da suka shuɗe. Suna jiran ya ce Napoleon ko Julius Caesar, sai ya ce mahaifinsa. Daga nan ya ba su wani labari wanda daga baya ya rubuta. Wai yana ɗakin zanensa a gidansa na Chartwell, yana kwaikwayon wani yagaggen hoton uban, sai ya waiwaya ya gan shi zaune a kujera, da ƙuruciyarsa, yana shirin kunna taba. Uban ya yi ta tambayarsa abin da ya faru cikin shekara 50, shi kuma yana ba shi labarin yaƙin duniya biyu, da faɗuwar dauloli, da yadda mata suka sami ƙuri'a. Uban ya ɗauka ɗansa tsohon soja ne da ya ƙare a zane da rubutu a jarida. A ƙarshe ya nuna mamakin yadda ya san al'amura haka, ya ce da ya shiga siyasa da wataƙila ya yi suna. Ya ƙyasta ashana, ya ɓace.

Na karanta wannan labari ya fi sau biyar. Shi ne marubucin, alƙalami na hannunsa, babu abin da zai hana shi sa kansa ya ce wa uban ai ni ne na ja ragamar ƙasar nan ta ci yaƙi. Bai sa ba. Ko a mafarkin da shi ya ƙaga, uban ya tafi bai sani ba. Ya kulle rubutun a akwati, ba a buga shi ba sai a 1966.

Sakatarensa John Colville ya ba da labarin cewa wata safiya a farkon shekarun 1950, ran 24 ga Janairu, ya shiga ya tarar da shi yana aski, sai Churchill ya ce masa a rana irin ta yau mahaifinsa ya rasu, kuma shi ma a ranar zai mutu. A watan Janairu na 1965 ciwon shanyewar jiki ya buge shi, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, likitoci na cewa yau ko gobe. Ya kai har safiyar 24 ga Janairu, shekara 70 cif bayan uban, sa'an nan ya cika yana da shekara 90. Bayan jana'izar ƙasa a Landan ran 30 ga wata, aka ɗauki gawar a jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Bladon, kusa da fadar da aka haife shi, aka binne shi a harabar cocin ƙauyen, 'yan taku kaɗan daga kabarin Lord Randolph.